Bayan Sallama: Abin da Cibiyar Shanyayyu ta Savar Ta Koya wa Masu Aikin Jinya

A shekarar 2011, wata cibiya da ke garin Savar a ƙasar Bangladash ta kwantar da mutane sama da 300 waɗanda suka samu rauni a laka. An yi musu jinya, an koya musu zama da juyi, an ba masu buƙata keke, an sallame su zuwa gida. Daga baya masu bincike suka bi sawunsu don su ga yadda suka ƙare a cikin shekara biyu na farko. Abin da suka tarar ba daɗin ji. Daga cikin waɗanda suka bar cibiyar a kan keken guragu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya riga mu gidan gaskiya. Kuma abin da ya fi ɗauke su shi ne gyambon kwanciya, wanda ya ruɓe har guba ta bi jini.

Ni malamar makarantar koyon aikin jinya ce, kuma tun ranar da na karanta wannan sakamako yake mini yawo a rai. Cibiyar da ake magana a kai tana cikin waɗanda suka fi iya wannan aiki a Kudancin Asiya. Idan har mutanen da suka fita daga hannunta suna mutuwa haka, to matsalar tana can a wajen ƙofar asibiti, inda horon da muke ba ɗalibanmu bai cika leƙawa ba.

Yadda abin ya faro

Sunan cibiyar a taƙaice CRP, ma'anarsa Cibiyar Farfaɗo da Shanyayyu. Wadda ta kafa ta wata Baturiyar Ingila ce mai suna Valerie Taylor, ƙwararriyar gashin ƙashi. Ta sauka a ƙasar a 1969 a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO, lokacin ana kiran yankin Pakistan ta Gabas, aka tura ta wani asibitin mishan a Chandraghona, cikin tsaunukan Chittagong. Yaƙin neman 'yanci na 1971 ya katse mata aiki, amma ta dawo. A 1979 ita da abokan aikinta 'yan ƙasar suka buɗe CRP da majinyata huɗu, a cikin wasu ɗakunan ajiyar siminti guda biyu a harabar asibitin Shaheed Suhrawardy da ke Dhaka. Sun yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan har 1990, lokacin da suka samu matsuguni na dindindin a Savar, kimanin kilomita 25 daga babban birnin. Sashen masu raunin laka na can yana da gado wajen 100. Bangladash ta ba Valerie Taylor takardar zama 'yar ƙasa a 1998, a 2004 kuma ta ba ta lambar yabo ta ranar 'yanci, wadda ita ce mafi girma da ake ba farar hula.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne, tun da wuri suka gane cewa gado da magani ba za su wadatar ba in babu hannun da ya iya aikin. A 1992 suka buɗe makarantarsu ta horar da ma'aikatan lafiya, wadda ake kira BHPI, inda ake koyar da gashin ƙashi, da koyar da ayyukan yau da kullum ga naƙasassu, da gyaran magana. Daga baya suka ƙara da kwalejin aikin jinya a harabar. Ɗalibar jinya a Savar tana fitowa daga aji ta iske mai raunin laka a gabanta, yau da gobe da jibi. Ba sai ta jira zagayen mako biyu a wani sashe da za ta manta da shi kafin jarrabawa ba.

Duniya ta ƙara sanin cibiyar a ranar 24 ga Afrilu 2013, da ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kan masu ɗinkin kaya a nan Savar ɗin, ya kashe mutum 1,134, ya raunata kimanin 2,500. Da dama daga cikin waɗanda suka rasa gaɓoɓi ko suka karye a baya CRP aka kai su. Amma wannan rana ɗaya ce. Majinyatan kullum na cibiyar talakawan karkara ne, akasari maza masu ƙuruciya waɗanda su ne ke ciyar da gida. Wani ya faɗo daga bishiya garin tsinkar 'ya'yan itace. Wani ya zame da buhu a ka, nauyin ya karya masa wuya. Wani hatsarin hanya. Akwai ma 'yan mata da gyalensu ya naɗe a injin ƙananan motocin haya masu batir ya fizge musu wuya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ya ga ɗan dako yana hawa katakon da aka jingina a bayan babbar mota da buhu a ka, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin yadda irin wannan rauni ke aukuwa.

Me ya sa gyambo ke kisa

Laka ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. In ta tsinke, abin da ke ƙasa da wurin raunin ba ya motsi, ba ya jin taɓi, fitsari da bahaya kuma sun fita daga ikon mutum. Mai lafiya yana juyi a cikin barci sau da yawa ba tare da ya sani ba, saboda fata tana aika ƙorafi cewa an danne ta. Shanyayye ba ya samun wannan saƙo. Nauyin jiki yana matse ƙananan hanyoyin jini tsakanin ƙashi da shimfiɗa, naman wurin ya rasa jini ya fara mutuwa. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙarshen ƙashin baya, da ƙasusuwan zama, da gefen kwatangwalo, da dunduniya. Mugun abin shi ne, sau da yawa ɓarnar daga ciki take farawa, kusa da ƙashi, kamar gara a cikin azara. Kafin a ga ɗan rami a fata, ciki ya riga ya zama kogo. Sai fitsari da bahaya su jiƙa shi, ƙwayoyin cuta su samu gida, su kai ga ƙashi, su shiga jini.

Maganin wannan ba sabon ilimi ba ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Amurka Harvey Cushing ya ruwaito cewa kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin da suka samu raunin laka sun mutu a makonnin farko. Abin ya fara sauyawa a Fabrairun 1944, da Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Babban makaminsa agogo ne. Ya kafa doka a juya kowane majinyaci bayan kowace awa biyu, dare da rana, a kuma kula da mafitsara da tsafta mai tsanani. Mutane suka daina mutuwa kamar da. Ana yawan tunawa da shi saboda wasannin da ya fara a 1948, waɗanda suka zama gasar naƙasassu ta duniya, amma ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, aikin da ya ceci rayukan nan aikin jinya ne tsantsa: juyi, duba fata, sauya zanen gado, zubar da fitsari a kan lokaci.

To a asibiti akwai masu aikin safe da na yamma da na dare. A gida wa zai yi?

Tunanin mayar da aikin gida

Wannan tambaya ce ta haifi abin da ake kira farfaɗo da naƙasassu a cikin al'ummarsu. Bayan taron duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 a kan kiwon lafiya matakin farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa ƙasashe matalauta ba za su taɓa gina cibiyoyin da za su ɗauke duk naƙasassunsu ba, don haka dole ilimin ya tashi daga hannun ƙwararru ya koma hannun iyali da maƙwabta. A 1989 ta fitar da kundin horo da aka rubuta don 'yan uwan naƙasasshe su karanta su yi aiki da shi. Cikakken jagoran wannan tsari kuwa a Abuja aka ƙaddamar da shi, a watan Oktoba 2010, kuma ya raba aikin gida biyar: lafiya, ilimi, abin dogaro da kai, zamantakewa, da ba naƙasasshe bakin magana a kan lamarinsa.

CRP ta ɗauki wannan tunani da gaske, kuma dabararta da ta fi burge ni ita ce masaukin rabin hanya. Kafin a sallami majinyaci, sai a fitar da shi daga ɗakin jinya a kai shi wani sashe da aka tsara ya yi kama da gidan ƙauye, shi da wanda zai riƙa jinyarsa. A nan za su gwada rayuwar da ke jiransu: ɗibar ruwa, shiga makewayi, girki, hawa gado da sauka. Ma'aikata suna kusa amma ba su ne ke yi ba. Bitar cibiyar tana ƙera kekuna da suka dace da hanyar karkara, har da wani ɗan gajeren keke mai kusa da ƙasa don matan da ke girki a murhun ƙasa. Ana kuma koya wa mutum sana'ar da zai iya yi a zaune, kamar ɗinki, gyaran kayan lantarki ko riƙe ƙaramin shago.

Duk da wannan shiri ne aka samu waccan mutuwa ta ɗaya cikin biyar. Sai cibiyar ta yi abin da ba kowace hukuma ke da zuciyar yi ba. Ta ƙirƙiro magani, sannan ta gwada shi ta hanyar da za ta iya ƙaryata ta.

Gwajin wayar tarho

Masu bincike na CRP ƙarƙashin Mohammad Sohrab Hossain, tare da Lisa Harvey ta Jami'ar Sidni a Ostireliya da abokan aikinsu, suka shirya gwajin da suka kira CIVIC. Tsakanin 2015 da 2018 suka ɗauki mutum 410 masu raunin laka da ke barin cibiyar a kan keke, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 206 aka bar su da kulawar da aka saba. Mutum 204 kuma aka haɗa su da ma'aikatan lafiya da za su buga musu waya sau 36 su kuma ziyarce su a gida sau uku cikin shekara biyu, suna tambayar fata, fitsari, bahaya da halin zuciya, suna ba da shawara. Dabara ce mai arha, ga waya a hannun kowa. Da ni aka tambaya kafin a fara, da na rantse za ta yi aiki.

Bayan shekara biyu aka ƙirga. A cikin waɗanda aka riƙa bugawa waya, mutum 15 sun rasu. A cikin waɗanda ba a bugawa ba, mutum 16. Sauran abubuwan da aka auna su ma ba su nuna wani bambancin kirki ba. Aka buga sakamakon a 2021 yadda yake, ba a yi masa kwalliya ba.

Mai karatu zai lura cewa mutuwar a nan ta yi ƙasa da ta rukunin 2011. Mutanen daban ne, shekarun ma daban, don haka kada a jera lambobin biyu a ce ga ci gaba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne guda ɗaya: ƙarin kiran waya 36 da ziyara uku bai rage mutuwa ba.

Na ji wasu suna ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa bibiyar majinyaci a gida ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Fahimtata ita ce, waya magana take kaiwa, gyambo kuma hannu yake so. Ta waya ba za ka ɗaga zane ka duba ba, ba za ka ji wari ba, ba za ka danna katifa ka ji ta mutu ba. Sannan a dubi irin shawarar da za a bayar. Mai gyambo a ƙashin zama, maganinsa ya sauka daga keke ya yi rub da ciki na makonni, wani lokaci watanni. Mutumin da aka koya wa riƙe shago, kuma shagon nan ne abincin 'ya'yansa, ka gaya masa ya kwanta wata biyu. Zai ce to, ya ajiye waya, ya hau kekensa. Za a ce ya ci ƙwai da kifi don nama ya tsiro, a gidan da shinkafa ma sai an auna. Za a ce matarsa ta riƙa juya shi cikin dare, ita da ta wuni tana aiki. In gyambon ya yi zurfi sai tiyata, tiyatar kuma tana birni. Sanin abin da ya kamata a yi daban, samun halin yinsa daban.

Wanda na gani da idona

Dalilin da ya sa labarin Savar ya kama ni haka shi ne wani saurayi da na yi jinya tun ina aiki a ɗakin marasa lafiya, kafin in koma koyarwa. Ba zan faɗi sunansa ko asibitin ba. Ɗan dako ne, ya faɗo da buhu, ƙafafunsa suka mutu. Mun riƙe shi watanni, mun sallame shi fatarsa lafiya lau, muna alfahari. Ranar sallama ni ce na tsaya a bakin gado na zayyana wa mahaifiyarsa abin da za ta yi. Ban fi minti goma ba. Tana ta cewa to, to.

Bayan wata huɗu aka dawo da shi a bayan a-kori-kura. Tun kafin a buɗe shi wari ya gaya mana komai. Ramin da ke ƙarshen bayansa hannuna na iya shiga.

Na ja ta gefe, raina a ɓace. Na ce, "Inna, ba mun ce a riƙa juya shi ba?"

Ta ce, "Kun faɗa, 'yar nan. To ni kaɗai ce, yaron nan kuwa ya fi ƙarfina. Kuma kin ce in na ga wurin ya yi ja in kawo shi. Wallahi ban taɓa ganin ja ba."

Na rasa ta cewa. Gaskiya ta faɗa. Littafin da na karanta a makaranta ya ce alamar farko ita ce ja da ba ya gushewa in an danna da yatsa, hotunan ciki kuma duk na farar fata ne. A baƙar fata ba ja ake gani ba. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi, in ka taɓa ka ji ya fi kewayensa ɗumi ko sanyi, ko ya yi tauri, ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na san haka da hannuna saboda na saba, amma da bakina sai na maimaita mata abin da ke cikin littafi.

Da muka ci gaba da magana sauran abubuwa suka fito. A kan tabarma yake kwana, a daɓen siminti. Keken da aka saya masa da kuɗin taimako ba ya iya haye dokin ƙofar ɗakin, yana jingine a zaure. Sannan ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba: ɗanta ne na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yaye masa zane ta duba mazaunansa kullum safe da yamma. Akwai ƙanensa a gidan, ɗan shekara goma sha wani abu, wanda da shi na koya wa da ya yi. Ban tambaya ba. Na ga mace a bakin gado na ɗauka ita ce mai jinya, shi ke nan.

Abin da ya kamata ɗaliba ta fita da shi

A nan ne lamarin Savar da na saurayin nan suka haɗu a wurina. Muna horar da ɗaliba ta iya yi wa majinyaci abu. Ba ma horar da ita ta iya sa wani ya iya. Waɗannan fasahohi biyu ne mabambanta, ta biyun kuma ta fi wuya, domin tana buƙatar ka naɗe hannunka ka kalli wani yana yin aikin a karkace, ka gyara masa, ya sake, har ya zauna masa.

A ɗauki fitsari. Tun 1972 likitan Amurka Jack Lapides ya nuna cewa mutum zai iya sa wa kansa robar fitsari ya zubar ya cire, sau da yawa a rana, da hannu wankakke da roba mai tsafta, ba lallai sai kayan da aka dafa irin na ɗakin tiyata ba. Wannan ya 'yantar da mutane da yawa daga robar da ake bari a jiki wata da watanni, wadda ke toshewa tana jawo cuta. Amma ɗalibar da aka koya wa hanyar asibiti kaɗai, da safar hannu da tire da komai, in ta je gidan da buta da sabulu ne kawai, sai ta ce ba zai yiwu ba. Dole a koya mata hanyar gida, a kuma koya mata yadda za ta koyar da ita ga namiji baligi ba tare da ta ci masa fuska ba, ko ta san lokacin da za ta nemo abokin aiki namiji.

Akwai kuma wani hatsari da ke kama masu rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama. In robar fitsari ta toshe ko hanji ya cika, jini yakan hau farat ɗaya, kai ya yi ta sara, gumi ya keto a fuska da wuya. Wanda bai sani ba zai kwantar da mutum ya tafi neman maganin ciwon kai, alhali kwanciyar ƙara hawan jinin take yi. Abin yi shi ne a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba robar ko ta lanƙwashe. Bayani ne na minti biyu da ke hana shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, kuma ba shi da amfani in ya tsaya a kan ma'aikaciyar jinya, domin ranar da abin zai faru tana wani gari.

Ziyarar gida ita ma ilimi ce da ake koyo. Ɗaliba ta san cewa kafin ta taɓa majinyaci za ta zauna a kan shimfiɗarsa ta ji, ta auna faɗin ƙofa da idonta, ta leƙa makewayi, ta tambayi wa ke kwana a ɗakin, wa ke da ƙarfin ɗagawa, wa ke riƙe da kuɗin gidan. Ta san kafintan unguwa zai iya yin ɗan gangare a bakin ƙofa da kujerar bahaya mai rami. Ta ba majinyacin madubi mai mariƙi ya riƙa duba bayansa da kansa, domin jikinsa ne, kuma shi ne kaɗai ba zai gaji da shi ba. Ta kuma nemo wani da ya daɗe a kan keke yana rayuwarsa ta haɗa su. Abin da tsohon hannu zai gaya wa sabo a zama ɗaya, mu masu fararen kaya sai mu shekara ba mu isar da shi ba.

Sai dai kada in yi abin da gwajin CIVIC ya gargaɗe mu a kai, wato in ɗauka koyarwa kaɗai ta isa. Ma'aikaciyar jinya da ta je gida hannu rabbana, ba katifa, ba matashin zama, ba auduga da bandeji, ba hanyar da za ta mayar da mutum asibiti in gyambo ya fi ƙarfin gida, ita ma waya ce mai ƙafa. Don haka wani ɓangare na horon shi ne sanin ƙofofin da ake bugawa: ofishin walwala, ƙungiyoyin naƙasassu, masu zakka, attajirin unguwa. A Najeriya akwai dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don aiwatar da ita. Ɗalibai da yawa da na tambaya ba su taɓa jin labarinsu ba, ni ma laifina ne da ban sa su a darasi da wuri ba. Majalisar Lafiya ta Duniya ma a Mayun 2023 ta zartar da ƙudurin da ke neman a shigar da aikin farfaɗowa cikin kowane mataki na kiwon lafiya, har da asibitin sha-ka-tafi, inda galibi ma'aikacin jinya ko na lafiyar al'umma ne kaɗai ake samu.

Ba ni da ikon gina masaukin rabin hanya irin na Savar. Abin da na iya shi ne na sauya jarrabawar gwaji ta ajina. Na fitar da gadon asibiti daga ɗakin, na shimfiɗa tabarma da siririyar katifa a ƙasa, na ajiye buta, sabulu, matasan kai biyu da madubi. Ɗaliba ɗaya ta kwanta a matsayin shanyayye, na roƙi wata dattijuwa mai yi mana shara ta zauna a matsayin uwa. Umarnin da na rubuta a allo shi ne: a cikin minti 20, ki sa Baba ta iya juya shi ta kuma duba fatarsa. Maki yana kan abin da hannun Baba ya yi.

Ta farko da ta shiga, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta durƙusa ta juya majinyacin cikin ƙwarewa, ta jera matasan kai daidai, ta miƙe tana jiran yabo. Baba na zaune a gefe ta zuba tagumi, ba ta taɓa komai ba. Na ba ta sifili, ta fita tana hawaye. Ta biyu ta yi bayani mai kyau, amma da ta zo kan alamar farko sai ta ce, "Baba, in kin ga wurin ya yi ja." Dattijuwar ta kalli hannunta, ta kalle ni.

Sai wajen ta bakwai aka samu wadda ta fara da gaisuwa, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Baba, su wa ke gidan tare da ku? Akwai namijin da zai riƙa kama miki?" Sannan ta kama hannun dattijuwar ta ɗora a kafaɗar majinyacin, ɗayan a kwatangwalo, ta ja da baya ta ce, "To bismillah, ki jawo shi wajenki." Sau uku Baba tana yi yana zamewa. A na huɗu ya juyu, saura minti biyu lokaci ya cika.